Tsini Goma Sha Bakwai: Ta'aziyyar Tela Silva na Kakuri

Ranar Talata, 12 ga watan Maris, 2024, da misalin ƙarfe uku na rana, Allah ya karɓi ran Sylvanus Udeagha, wanda duk Kakuri ta sani da Tela Silva. Ya rasu a gidansa da ke Gonin Gora yana da shekara sittin da bakwai, bayan doguwar jinyar hawan jini. Ya bar matarsa Ngozi da 'ya'ya huɗu. Ni Albert Kambai, tsohon ma'aikacin masaƙa, abokinsa na shekara arba'in, ban ji labarin ba sai washegari. Yadda na ji shi ne ya zaunar da ni rubuta wannan takarda.

Silva, a ranar da ka tafi ni rawa nake yi. Da ƙarfe bakwai na yamma waya ta shigo daga ƙasar Kiribati, can tsakiyar tekun Fasifik, inda 'yata Hephzibah take aikin ungozoma. Mijinta ne ya kira, ya ce ta sauka lafiya, an sami mace. A wurinsu gari ya riga ya waye, Laraba ce, mu muna Talata. Hephzibah ita kaɗai Allah ya bar mana a cikin 'ya'yan da muka haifa, kuma shekara kusan bakwai ke nan da aurenta muna jira. Na fito tsakar gida ba takalmi, ina tsalle kamar yaro, matata Edith tana dariya tana kuka tana cewa, "Baba, gwiwarka fa!" Maƙwabta suka shigo suna tambayar abin da ya faru. Ban taɓa sanin akwai irin wannan murna a jikin tsoho ba. Har yanzu da nake rubutun nan tana nan, ba ta tafi ba, kuma ban san inda zan ajiye ta kusa da baƙin cikinka ba.

Da safe na ce wa Edith zan je Gonin Gora. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni. Shekara shida da rabi tana jiran in faɗi wannan magana. Na biya kasuwa na sayi goro irin wanda ku 'yan Ibo kuke girmamawa, mai ɓari huɗu, na shiga mota. A hanya ina ta shirya abin da zan ce maka. Da na sauka na karya kwanar layinku, sai na hangi rumfa a ƙofar gidan, da kujerun roba, da hotonka a kan tebur.

Na fara saninka a 1984, lokacin da ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙa ta aike ni a ɗinka mana tutar ranar ma'aikata. Aka ce in je wurin wani tela ɗan Ibo a bayan tasha, shi ne ba ya karkata harafi. Na yi maka Turancina na ƙofar masaƙa, ka amsa mini da Hausar da ta fi tawa. A nan Kaduna aka haife ka. Kana ɗan shekara tara iyayenka suka gudu da ku a rikicin 1966, ka yi zaman yaƙin basasa a ƙauyenku na Gabas, ka dawo a 1974 da keken ɗinki ɗaya. Kakan ce kai ɗan Kakuri ne da aka kai hutu Gabas, hutun bai yi daɗi ba.

Aikin tuta shi ne naka. Tutar Zumuntar Mata ta kusan kowace majami'a daga Kakuri zuwa Sabon Tasha a kekenka ta bi. Haka tutocin wasannin makarantu, da na 'yan ƙwallo, da na Islamiyyar da take ƙetaren titi, wadda ka sa malaminsu ya zauna kusa da kai ya riƙa duba maka rubutun don kada ka ɓata ko ɗigo. Ba ka yarda a taka ƙyallen tuta ko da ba a gama ɗinkinta ba. Na taɓa ganin ka kori wani babban mutum daga shago saboda ya goge takalminsa da guntun yadin da ka yanke daga tutar wata makarantar firamare. Idan matan zumunta na wata ƙaramar majami'a suka zo da yadi mai araha, kakan sa masa shafi daga naka ba tare da ka faɗa ba, don kada iska ta yaga shi a taro su ji kunya.

Da masaƙarmu ta rufe, ina da shekara hamsin da ɗaya kuma ban iya rubuta sunana ba. Ranar da aka ba mu takardar sallama, dangwale na yi da babban yatsa. Na zo shagonka da tawada a hannu, ka kama yatsan ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Albert, mutumin da ya yi shekara talatin yana gane zare ɗaya da ya tsinke a cikin dubu, ABCD ce za ta gagare shi?" Kai ka kai sunana ajin manya na yamma. Ka ɗinka mini jakar makaranta da ragowar yadi kala bakwai, ka rataya mini a wuya a gaban mutane, duk layin yana dariya. Daga ranar ka sa mini Furofesa, sunan ya bi ni har majami'a.

A bangon shagonka akwai wata babbar takarda mai tutocin ƙasashen duniya, wadda kake dubawa idan makarantu suka kawo aiki. A jikinta na koyi haɗa baƙi. Idan na taso daga aji sai in biyo, kana taka keke ina tsaye ina karanto sunaye. Layin ƙasa ka fi so, na ƙananan tsibiran Fasifik waɗanda ba wanda ya taɓa kawo maka aikinsu. Kai ka nuna mini ta Tuvalu mai taurari tara, kowane tsibiri da tauraronsa, da ta Nauru mai tauraro ɗaya mai tsini goma sha biyu, kowace ƙabila da tsininta, da ta Palau mai cikakken wata a kan shuɗi. Kakan ce manyan ƙasashe fenti kawai suke shafawa, amma waɗannan mutane ƙirga kansu suke yi a jikin tuta don kada a manta da kowa. Ranar da na karɓi takardar gama aji, ka ɓamɓare takardar tutocin daga bango, ka naɗe ka ba ni. Tana ɗakina tun daga lokacin. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin zai dawo.

A 2014 Hephzibah ta sami aiki a Kiribati. Edith ta yi kwana uku tana kuka, ta ce an kai mata 'ya inda ko a taswira ɗigo ne. Kai ka zo gida ka sa na buɗe takardar, ka ɗora yatsa a kan tutar. Rabin sama ja ne, da rabin rana mai ruwan zinariya tana fitowa, da wani tsuntsun teku mai dogon fiffike yana shawagi a kanta. Rabin ƙasa shuɗi ne da farin igiyar ruwa layi uku. Ka ce wa Edith, "Mama, mutanen da suka sa fitowar rana da tsuntsu a tutarsu, ba bindiga ba, ba za su ci miki 'ya ba." Ta yi dariya ta farko a makon. Daga baya Hephzibah ta rubuto mini wasiƙa da hannunta, don ta san ina alfahari da karatuna. Ta ce layukan nan uku rukunin tsibiransu uku ne, tsuntsun alamar 'yanci ne da iko a kan teku, ranar kuma tsini goma sha bakwai gare ta, goma sha shida na tsibiran rukunin farko, ɗaya na wani tsibiri da ake kira Banaba.

A 2017 ta yi aure a can, ba wanda ya iya zuwa a cikinmu. Na shirya sujadar godiya a majami'armu, na ce zan rataya tutar surukaina kusa da ta Nijeriya don a san mun karɓe su. Na kawo maka aikin a watan Satumba. Kowa ya tuna wannan shekara. Ita ce wadda wasu matasa suka ba 'yan Ibo wa'adin barin Arewa, a Gabas kuma ana ta tashin hankali a kan maganar Biyafara. Ka dubi hoton tutar, sannan ka yi murmushi ka ce, "Furofesa, duk tutocin duniya ka rasa wadda za ka kawo wa ɗan Ibo a wannan wata sai mai rabin rana irin ta Biyafara?" Na yi dariya, ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ka ce za ka ɗinka, don Hephzibah 'yarka ce.

Ranar Juma'a ka gama haɗa ja da shuɗi, ka ɗora ranar, saura tsuntsun. Ka wanke zanen alli, ka shanya ta a igiyar gaban shago kamar yadda ka saba da kowane aiki. A ninke take a kan igiyar, shuɗin yana duban shago, jan da rabin ranar suna duban titi. Wani ya wuce ya ɗauki hoto a waya. Kafin awa biyu maganar ta zagaye Kakuri cewa Tela Silva ya kafa tutar Biyafara.

Ba zan ce mutanen layin mugaye ba ne. Sun ga wutar shekarar 2000, sun ga ta 2002, sun san abin da hoto ɗaya zai iya jawo wa shaguna hamsin. 'Yan'uwanka 'yan Ibo ma su suka fi kowa fushi, don su suka yi watanni suna tafiya a hankali. Sam, ciyaman ɗin 'yan kasuwar layin, ya tara mutane a gaban shagonka. A daidai lokacin na iso don in ga aikin. Wasiƙar Hephzibah tana aljihun rigata, don na zo in tabbatar maka da yawan tsinin. Na tsaya a baya, kusa da rumfar mai faci.

Ka sauke tutar ka buɗe ta gaba ɗaya, ka nuna musu shuɗin da igiyar ruwan. Wani ya ce dabara ce. Ka ce ta ƙasar Kiribati ce, aka fashe da dariya, wani ya ce tela ya fara ɗinka ƙasashe da kansa. Kowa da waya a hannu, amma ɗaukar hoto kawai ake yi. Sai ka ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ka yi ba. Ka ce, "Ku ƙirga tsinin! Waccan da kuke nufi sha ɗaya gare ta. Na san ta, a ƙarƙashinta muka binne ƙanena da yunwa ta kashe. Wannan sha bakwai ce. Ku ƙirga!" Ba wanda ya ƙirga.

Sam ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Oga Silva, ba ma son dogon Turanci. In da gaske ne, wani ne ya kawo aikin. Kira mana shi, magana ta mutu a nan."

Ka ɗaga kai, idonka ya bi taron har ya same ni. Mun dubi juna. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ka mai da kai ga Sam ka ce, "Kwastoma ne. Ba na faɗin sunan kwastoma."

Taku goma ne tsakanina da kai. Wasiƙar tana aljihuna. Takardar da za ta wanke ka, wadda da tana bangon shagonka da yatsa kawai za ka nuna, tana ɗakina domin kai ka ba ni. Na ga wayoyin nan a sama, na ga fuskata tana yawo a cikinsu, na tuna gidana, na tuna ana shirin zaɓena dattijon majami'a a wannan watan. Na ce a raina bari hayaniya ta lafa, gobe zan sami Sam shi kaɗai in yi masa bayani. Na juya ta bayan rumfar mai faci na tafi gida.

Goben ba ta zo ba. Mai shagon ya ba ka mako ɗaya ka kwashe kayanka. Makarantu suka daina kawo aiki, matan zumunta suka nemi wani tela. Ba wanda ya taɓa lafiyarka, ba wanda ya kama ka, suna kawai aka sa maka, mai tutar Biyafara, kuma sunan ya isa. Ka koma Gonin Gora, ka kafa keke a bakin hanyar Abuja kana ɗinkin ɓarakar wandon direbobi. Ni na yi sujadar godiyata da tutar Nijeriya kaɗai. An zaɓe ni dattijo. Sau biyu na shiga motar Gonin Gora, sau biyu na sauka a hanya na dawo. Edith takan ce, "Baba, mutumin nan ba zai cinye ka ba." Na sani. Da zagi nake tsammani da na je tun tuni. Abin da na kasa shi ne in zo ka tarbe ni da fara'a ka ce Furofesa, ka jawo mini kujera.

Ranar Larabar nan, na shiga rumfar makoki da goro a hannu. Ngozi tana zaune a tsakiyar mata. Ta gan ni tun daga nesa, ta bari har na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Furofesa. Ɓatan hanya ka yi?"

Na ce, "Mama Chinaza, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Albishir na kawo masa. Hephzibah ta haihu."

Ta ce, "Mace ko namiji?"

Na ce mace.

Ta ce, "Allah ya raya." Ta karɓi goron ta juya shi a tafin hannu, ta miƙa aka ajiye kusa da hotonka. "Mace ba ta fasa goro a wurinmu. Wanda zai fasa maka jiya ya tafi."

Ta aiki babbar 'yarku Chinaza ɗaki, ta fito da wata leda. A ciki tutar ce, a goge, a ninke. Ka ɗora tsuntsun. Ban taɓa ganin ɗinki mai kyau irin na fiffiken nan ba. An maƙala wata 'yar takarda da allura, da rubutunka: Furofesa, sai ya zo da kansa.

Ngozi ta ce sau uku tana ɗauko almakashi za ta yi tsumma da ita kana hana ta. Ta ce ta yi maka faɗa har ta gaji a kan ka kira sunana. Amsarka ɗaya ce kullum. A 1966 wani maƙwabcinku ya ɓoye ku kwana biyu a ɗakin ajiyar hatsinsa, aka zo aka tambaye shi, bai faɗi sunan kowa ba. Ka ce tun daga nan ka san cewa mutumin da ka kira sunansa a cikin irin wannan taro ka ba da shi ne, in zai fito ya fito da ƙafarsa. Ta ce duk Kirsimeti sai ka fito da tutar ka sake goge ta, ka ce mata, "Bar shi, karatun yamma ya yi, komai nasa a makare yake zuwa, amma yana zuwa."

Ranar Asabar, 16 ga wata, na je layin. Tsohon shagonka yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki. Na roƙi Sam ya tara mini mutane, ya ce, "Baba Albert, maganar nan ai ta wuce." Na ce a wurinku ta wuce. Waɗanda suka taru ba su kai rabin na wancan karon ba. Na shimfiɗa tutar a kan teburin mai kayan waya, na buɗe takardar tutocin kusa da ita, na karanta musu wasiƙar Hephzibah daga farko har ƙarshe. Na ce ni na kawo aikin, ina tsaye a can wurin mai faci ranar, na gudu. Sannan na ɗora yatsan nan da ka taɓa kamawa a kan ranar da ke jikin tutar, na ƙirga tsininta da ƙarfi. Daga wajen tara na ji wasu muryoyi sun shigo. Muka kai goma sha bakwai tare. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba, Silva. Sam ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Washegari shi da mutum goma sha biyu suka je gaisuwa Gonin Gora.

Za a kai ka garinku a jihar Anambra ƙarshen wata. Na koma wurin Ngozi na roƙe ta ta bari a sa tutar a cikin akwatinka, tunda ita ce aikinka mafi kyau kuma ita ta jawo maka abin da ta jawo. Ta girgiza kai. Ta ce, "Furofesa, har yanzu ba ka gane ba? Ba tutarsa ba ce. Taka ce. Ai maganar ke nan tun farko."

Saboda haka na ɗauko kayana na dawo gida. Ranar da za mu yi godiyar haihuwar jikata, zan rataya ta a gaban majami'a da hannuna, kuma kafin a fara waƙa zan faɗi sunan wanda ya ɗinka ta da sunan wanda ya sa aka ɗinka. Duk wanda ya taɓa kiran Sylvanus Udeagha da wancan suna, ko ya tura hoton nan, ya sani daga yau cewa tutar surukan Albert Kambai ce, tsininta goma sha bakwai, kuma tana gidana a Kakuri ga mai son ya zo ya ƙirga.

Ya Ubangiji mai jinƙai, ka karɓi bawanka Sylvanus, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka, inda ba za a sake tambayarsa ɗan ina ne ba. Ka gafarta mini ni ma, domin wanda ya kamata in roƙa ya riga ni tafiya. Ka ta'azantar da Ngozi, ka zama mata ƙarfi a kwanakin da ke gaba. Ka riƙe Chinaza da ƙannenta uku, ka ba su zuciya irin ta ubansu. Ina miƙa gaisuwata ga dukan iyalin Udeagha na Kaduna da na gida, da ƙungiyar teloli ta Kakuri, da duk wanda ya taɓa tafiya a bayan tutar da hannunsa ya ɗinka. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu gama lafiya. Amin.

Na zo, Silva. A makare, kamar yadda ka faɗa.

Albert Kambai (Furofesa)
Kakuri, Kaduna